Littattafai Uku a Kan Haƙuri

Masu buga littattafai a ƙasashen Turai suna da al'adar jera sunayen littattafan da suka fi kasuwa a duniya. A kowane jeri Littafi Mai Tsarki ne a kan gaba, gama an kiyasta cewa kofen da aka buga sun wuce biliyan biyar, an kuma juya shi dukansa cikin harsuna fiye da 700. Alƙur'ani yana nan kusa, ko da yake ƙidayarsa tana da wuya, tun da yake shekaru aru-aru a allo da rubutun hannu da hadda aka riƙe shi. A fannin kimiyya sukan ambaci littafin Charles Darwin na 1859 a kan asalin halittu, wanda bugunsa na fari kofe 1,250 ne kawai amma ya girgiza makarantun duniya. Sukan kuma ambaci na Stephen Hawking na 1988 a kan tarihin lokaci, wanda aka sayar da fiye da kofe miliyan goma, har ana yi masa ba'a cewa masu sayensa sun fi masu karanta shi yawa nesa ba kusa ba. A fannin ƙagaggun labarai kuwa, littattafan Harry Potter sun wuce kofe miliyan 500.

Wannan lissafi na masu kanti ne, yana kuwa da nasa amfani. Amma wanda ya zaga kasuwar Garwa, ya tsaya wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, zai ga lissafin bai faɗi abu mai yawa a kan arewacin Kamaru ba. A nan kofe ɗaya yakan yi shekaru yana yawo daga hannu zuwa hannu, bangonsa ya yage, a manne shi, a ci gaba. Mutum ɗaya yakan karanta, goma suna saurare. Garwa kuma gari ne mai harsuna da yawa. Fulatanci ne harshen kasuwa da unguwa, Faransanci na ofis da makaranta, Hausa kuwa tana bakin fatake da mahauta da waɗanda suka zo daga Yola da Mubi, har da masu bi da suke addu'a da ita. A irin wannan ƙasa ana gane ƙarfin littafi ta tambayoyi biyu: ya kai kunnen mutanen da yake magana a kansu? Ya kuma sāke wani abu a cikin gidajensu?

Akwai littattafai uku da suka cancanci a auna su da wannan mudu, ɗaya na addini, ɗaya na kimiyyar lafiya, ɗaya ƙagaggen labari. Ba wanda ya rubuta su domin a haɗa su, amma dukansu sun taɓa kalma ɗaya wadda ake ji kullum a gidan biki da gidan makoki da bakin asibiti. Bahaushe ya ce haƙuri, Bafulatani ya ce munyal.

Littafin da aka juya

Tarihin Littafi Mai Tsarki a wannan ƙasa tarihin juyi ne. James Frederick Schön, Bajamushe ma'aikacin C.M.S., ya fara koyon Hausa a lokacin tafiyar Kogin Kwara ta 1841. Daga baya ya zauna a Ingila da wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, yaron Heinrich Barth, wato Baturen nan da ya iso gaɓar Binuwai a watan Yuni 1851, a mahaɗarta da Kogin Faro, yamma da Garwa. Daga bakin Dorugu Schön ya gyara Hausarsa, ya ci gaba da juya sassan Littafi. Likita Walter Miller na Zariya da Wusasa, tare da abokan aikinsa, shi ya kai aikin ƙarshe, aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Sabon juyi ya fito wajen 1980.

A arewacin Kamaru kuwa, 'yan mishan na Lutheran Brethren sun fara aiki wajen 1920, ikkilisiyar da ta fito daga aikinsu kuma hedkwatarta tana Garwa. 'Yan Norway suka sauka Ngaundere a 1925. Limaman Katolika na ƙungiyar Oblate suka iso a 1946 a ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na fari na Garwa. Dukansu suka tarar cewa Faransanci ba zai kai bishara ƙauye ba, sai suka duƙufa a kan harsunan mutane, irin su Mundang da Tupuri da Masana da Gbaya. A 1966 aka kafa ɗakin shirye-shiryen rediyo na Sawtu Linjiila a Ngaundere, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji da kunnensu. A 1983 aka buga Deftere Allah, wato Littafi Mai Tsarki da Fulatancin Adamawa. Bisa ga tambaya ta fari, ba littafin da ya kama ƙafar wannan. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba ta san labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ta san na ɗan nan da ya lalatar da gādonsa ya komo gida.

Inda gyara take shi ne wajen karatun. Littafin da ya fi kowane yawa a gidajen masu bi shi ne kuma wanda aka fi tsinkar ayoyinsa ɗai-ɗai, a bar sauran. Zancen haƙuri misali ne. Gaskiya ne Bulus ya lissafta haƙuri cikin albarkar Ruhu a Galatiyawa sura 5, Yakubu kuma ya yabi jimirin Ayuba a sura 5 ta wasiƙarsa. Amma wanda ya karanta littafin Ayuba daga fari zuwa ƙarshe zai ga mutumin bai yi shiru ba. Ya yi kuka, ya yi gardama da abokansa sura bayan sura, ya nemi a saurari ƙararsa, a ƙarshe kuwa abokan nan masu ba shi baki su Ubangiji ya tsauta wa. A Luka sura 18 Yesu ya yabi wata gwauruwa saboda ta dami azzalumin alƙali da zirga-zirga har ya bi mata hakkinta. A Farawa sura 24, kafin a tafi da Rifkatu gidan aure, sai da aka kira ta aka tambaye ta ko ta yarda. A 2 Sama'ila sura 13 kuwa akwai labarin da ba a cika karantawa ran Lahadi ba. Amnon ya ɓata 'yar'uwarsa Tamar, wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru tun da abin na cikin gida ne, mahaifinsu Dawuda ya husata amma bai hukunta kowa ba. Tamar ta zauna a wulakance a gidan wanta. Bayan shekara biyu jini ya zuba, daga nan gidan Dawuda bai ƙara samun salama ba.

Ashe haƙurin da Littafi yake koyarwa shi ne jimiri cikin gaskiya da sa zuciya ga Allah. Rufa wa mugunta asiri wani abu ne dabam, Littafin kuma ya nuna ƙarshensa a fili. Sau da yawa a wurin ɗaurin aure akan ja murya a kan ayar Afisawa sura 5 wadda ta ce mata su yi biyayya, a bi ta kan ayar da ke biye da sauri, wadda ta ɗora wa miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikkilisiya. Laifin nan na mai karatu ne, shafin kam ɗaya ne.

Littafin da yake tsufa

Na biyu ba shi da suna a jerin manyan littattafan kimiyya, amma ya shiga ƙauyukan da Darwin da Hawking ba su taɓa shiga ba. David Werner, wani Ba'amurke masanin halittu, ya yi shekaru yana aikin lafiya tare da manoma a duwatsun yammacin Meziko. Abin da ya koya a can ya tattara shi cikin littafi da Sifaniyanci a 1973, na Turanci ya fito a 1977 da sunan Where There Is No Doctor, ma'ana inda babu likita. Ƙungiyar ENDA ta Dakar ta buga shi da Faransanci domin ƙasashen Afirka, an kuma juya shi cikin harsuna fiye da tamanin. Ƙananan asibitocin mishan da ma'aikatan lafiya na ƙauye a ƙasashe da yawa sun daɗe suna dogara da shi.

Ƙarfin littafin yana cikin girmamawar da ya yi wa mai karatu. Ya ɗauka cewa manomi da matarsa suna da hankalin da za su gane abin da ke faruwa a jikin ɗansu, in an faɗa musu da sauƙin magana da zane. Bai yi wa maganin gargajiya kuɗin goro ba. Ya rarrabe wanda yake taimako, da wanda ba ya cutarwa, da wanda yake kisa. Ya kuma yi faɗa da son allura da yake damun mutane, ya ce yawancin cututtuka ba sa bukatarta. Ga kowace cuta ya nuna alamun da in an gan su sai a bar kome a nemi asibiti.

Darasinsa mafi girma a kan gudawa ne. Abin da yake kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Idanu su faɗa, maɗiga ta loɓa, fitsari ya ɗauke, in an tsunkule fatar ciki ta ƙi komawa da sauri. Masana sun gano cewa hanji yana iya shan gishiri in akwai sukari tare da shi, ruwa kuma yakan bi gishirin ya shiga jini, ko da gudawar ba ta tsaya ba. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh da ke Indiya, Likita Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan da ake ƙarawa ta jijiya, sai ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari ta baki. Masu mutuwa da kwalara suka ragu daga wajen talatin cikin ɗari zuwa ƙasa da huɗu. Awon da ma'aikatan lafiya suke koyarwa in babu ƙunshin asibiti shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A 2010 kwalara ta auka wa Kamaru, ta fi tsanani a arewa, ta kashe mutane fiye da 600. Ilimin nan na cokali da lita ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake shan ruwan rijiya da na gulbi.

A nan ne littafin ya ci karo da kalmar nan. Yaro yana zawo, kaka ta ce haƙori ne, a yi haƙuri zai wuce. Mace tana naƙuda kwana biyu, a ce ta daure, haka kowace mace take yi. Miji ya yi tafiya, ba mai ikon kai ta asibiti sai ya dawo. Littafin Werner bai yi gardamar tauhidi da kowa ba. Ya dai nuna cewa akwai sa'o'in da jira yake zama kisa, ya kuma faɗi alamunsu. Mai bi ba shi da dalilin jin tsoron irin wannan ilimi, gama Luka da ya rubuta bishara likita ne. A Tokombere, inda Baba Simon Mpeke ya zauna da mutanen duwatsu daga 1959 har kusa da rasuwarsa a 1975, limami kuma likita Christian Aurenche ya gina aikin lafiya a kan wannan harsashi, wato a zauna da mutanen ƙauye a koya musu su tsare lafiyarsu da kansu. Hausa ma tana da nata gadon, gama a 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fara fitar da Ikon Allah a Zariya, suna bayyana halittun duniya da harshen da ɗan firamare zai gane.

Amma littafin yana da rauni, dole kuwa a faɗa. An haife shi a Meziko, don haka waɗansu misalansa baƙi ne a gaɓar Binuwai. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tsufa. Tsofaffin bugu suna koyar da kulorokwin domin zazzaɓin cizon sauro, alhali ƙwayar cutar ta daina jinsa, Kamaru kuma ta bar shi tun farkon shekarun 2000, ta koma ga sababbin magunguna. A watan Janairu 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta fari da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara na yau da kullum, abin da tsohon kofe bai san da shi ba. Wanda ya riƙe bugun shekara talatin da suka wuce kamar nassi, yana auna ƙwayoyi daga tiren mai talla, zai iya kashe wanda yake so ya ceta. Littafin kimiyya daraja ce a gare shi a gyara shi, masu buga wannan kuwa suna ta sabunta shi. Ikkilisiyar da take da tsohon kofe a kabad ta nemi sabo, ta kuma kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.

Littafin da ya fasa ƙwai

Na uku shi ne littafin arewacin Kamaru da ya fi kowane suna a duniya. Djaïli Amadou Amal an haife ta a Marwa a 1975, aka yi mata auren dole tana da shekara goma sha bakwai. Littafinta na fari, Walaande, ya fito a 2010, a kan zaman kishiyoyi. A 2017 aka buga Munyal, les larmes de la patience a Yawunde, ma'ana hawayen haƙuri, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019. A 2020 wata mai buga littattafai a Faris, Emmanuelle Collas, ta sāke fitar da shi da sabon suna, Les Impatientes, wato marasa haƙuri. Ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Goncourt, ya kuma ci wadda ɗaliban sakandare na Faransa suke zaɓa. Daga nan aka juya shi cikin harsuna da yawa, aka kuma sa shi cikin littattafan karatun sakandare a Kamaru.

Mata uku ne suke ba da labarin, kowace da bakinta. Ramla yarinya ce mai ƙoƙari a makaranta, tana so ta zama mai haɗa magunguna, tana da saurayin da take so, amma aka ba da ita ga wani attajiri, Alhaji Issa, wanda ya isa ya haife ta. 'Yar'uwarta Hindu an ɗaura mata aure rana ɗaya da ita, da ɗan baffanta Mubarak, mashayi mai dūka. Duk lokacin da ta kai kuka gida, sai a ce mata munyal, a mai da ita, har hankalinta ya gushe. Ta uku ita ce Safira, uwargidan Alhaji Issa, wadda ta ga an kawo mata yarinya bayan shekaru masu yawa na aure, ta shiga bin malamai da ƙulla makirci har ta ga bayan amaryar. Labarin ya buɗe da nasihar da uba da baffanni suke yi wa amare ranar kai su, irin wadda Bahaushe ya sani sarai, ta yi na yi, bari na bari.

Gwanintar marubuciyar tana cikin yadda ta riƙe kalma ɗaya tana juya ta. Munyal ɗaya ne daga ginshiƙan pulaaku, tare da kunya da hankali, halin kirki ne da Fulani suke taƙama da shi. Ba ta raina shi ba. Ta dai nuna yadda yake fitowa kullum daga bakin mai ƙarfi zuwa kunnen marar ƙarfi, har mai karatu ya fara jin nauyinsa duk lokacin da aka ambace shi. Kashi na uku ya fi sauran ƙarfi, gama a can an ga mace tana cutar mace, an kuma ga tsoron da ya sa ta yin haka. Mai karatu ba zai iya ƙin Safira gaba ɗaya ba, ba zai kuma iya wanke ta ba.

Littafin yana da nasa aibi. Mazan da ke cikinsa kusan fuska ɗaya gare su, ba a cika shiga zuciyarsu ba, don haka namijin da ya karanta zai iya cewa shi ba haka yake ba, ya rufe littafin da kwanciyar rai. Wani lokaci kuma bayanin al'ada yakan yi yawa, kamar ana yi wa baƙo jagora. Akwai kuma abin lura a tafiyar littafin kanta. Shekara uku yana nan a Kamaru, amma sai da Faris ta sa masa hannu duniya ta waiwaye shi. Da Faransanci aka rubuta shi, yawancin matan da suke cikin halin Hindu kuwa an cire su daga makaranta kafin su iya Faransancin da za su karanta shi. A nan marubutan Kano sun fi shi sa'a. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? da Hausa a 1990, matan aure suka karanta su a cikin ɗakunansu, suna ba juna aro. Bisa ga lissafin kanti littafin Marwa ya yi musu nisa, amma wajen isa kunnen masu abin, na Kano ne a gaba.

Yadda mai bi zai karanta shi

Akwai jaraba a nan, ita ce kuwa ta fi kome muhimmanci ga masu bi. Gidajen da ke cikin labarin na Fulani Musulmi ne. Yana da sauƙi Kirista ya karanta, ya kaɗa kai, ya ce haka suke. Marubuciyar da kanta Musulma ce, ta kuma sha bayyana cewa da al'ada take faɗa da masu fakewa da addini, ba da addinin ba. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A 2 Sama'ila sura 12 annabi Natan ya zo wa Dawuda da ƙagaggen labari, na wani attajiri da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci, sa'an nan Natan ya sanar da shi cewa shi ne mutumin. Wannan ya isa amsa ga masu cewa karanta ƙagaggen labari ɓata lokaci ne, gama annabi ya yi aiki da shi, Yesu kuma da misalai ya yi yawancin koyarwarsa. Ya kuma nuna yadda ake karanta irin wannan labari. Wanda ya gama shi yana fushi da maƙwabcinsa kaɗai, ya tsaya a inda Dawuda ya tsaya kafin Natan ya buɗe baki.

Gama a gidajen masu bi ma ana cire yarinya daga aji domin an karɓi dukiyar aure. A kabilun da ake biyan dukiyar da shanu, in an riga an kashe shanun wajen auro wa wanta mata, uban ba ya son ganin 'yar ta dawo, ko da jikinta duk tabo ne. Akwai mazan da suke raira waƙa ran Lahadi da safe, da yamma su dawo daga gidan burukutu su ɗaga hannu. Matar ta kai ƙara wurin dattawan ikkilisiya, a ce mata ta ɗauki gicciyenta, a yi addu'a, a raka ta gida, mijin kuwa ba wanda ya hana shi jibi. Kalmar ta sāke riga, amma ita ce dai wadda aka faɗa wa Hindu, ita ce kuma wadda Absalom ya faɗa wa Tamar. Littafin marubuciyar na 2022, Cœur du Sahel, ya matso kusa da gida, gama labarin Fayde ne, 'yar duwatsu da ta sauko Marwa aikatau bayan 'yan Boko Haram sun tafi da mijin uwarta. Ikkilisiyoyin Garwa da Marwa cike suke da irin waɗannan 'yan mata, suna zama a bencin baya, ba mai tambayarsu yadda ake biyansu ko inda suke kwana.

Hukuma ma ta yi magana. Dokar laifuffuka ta Kamaru ta 2016, a sashe na 356, ta haramta auren dole da aurar da wanda bai kai shekara goma sha takwas ba, da hukuncin ɗauri. Abin kunya ne a ce dokar Kaisar ta riga dattawan ikkilisiya tsayawa domin yarinya.

Abin da ya rage

In aka ɗora littattafan nan uku a kan mudun da aka fara da shi, kowane yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Littafi Mai Tsarki ya kai kunnen kowa cikin harshensa, amma ana karanta shi rabi-rabi. Littafin lafiya ya ceci rayuka, amma yana tsufa, yana kuma bukatar mai sani a kusa. Labarin Marwa ya faɗi abin da aka daɗe ana rufewa, amma ya fi isa Faris a kan ya isa ɗakin wadda aka rubuta dominta. Ba a daidaita su da juna ba, gama ɗaya ne kaɗai Maganar Allah. Sai dai sauran biyun sukan kora mai karatu zuwa shafuffukan da yake tsallakewa a cikin na farin.

A Ayyukan Manzanni sura 8, Bahabashen nan ma'ajin sarauniya yana da littafi a hannunsa, ya iya karatu, duk da haka sai da Filibus ya hau karusarsa ya zauna kusa da shi ya fahimta. Aikin da ya rage ke nan, ba ya kuwa bukatar kuɗi mai yawa. Kusan kowace ikkilisiya tana da malamin makaranta ko ɗalibar sakandare da ta iya Faransanci. Zumuntar mata za ta iya keɓe yamma ɗaya a mako, a karanta babi ɗaya na Munyal, a juya shi da baki zuwa Hausa ko Fulatanci, sa'an nan a buɗe 2 Sama'ila sura 13 a karanta ta duka. Dattawa su ma su zauna a wurin, gama su ake kai wa ƙara. Kafin damina a gayyaci ma'aikacin lafiya ya zo da lita da cokali, ya auna a gaban kowa, kowace uwa ta gwada da hannunta. Masu koyar da 'yan baftisma da masu shirin aure su karanta Afisawa sura 5 har ƙarshenta, su tambayi amarya ita kaɗai, ba a gaban ubanta ba, ko ta yarda, su kuma tambayi shekarunta.

Mahaƙurci mawadaci ne, in ji Hausawa, gaskiya ne kuwa ga manomin da yake jiran ruwan sama da mai bi da yake jiran Ubangijinsa. Amma kafin dattijo ya ce wa wani ya yi haƙuri, ya kamata ya tsaya ya duba wa yake faɗa wa, wa kuma zai ji daɗin shirun.